Marcus Garvey: Jagoran baƙar fata da fankon ambulan ya kai kurkuku

A ranar 18 ga Yuni, 1923, mutum goma sha biyu masu taya alƙali yanke hukunci a wata kotun tarayya da ke birnin New York, dukkansu fararen fata, suka dawo zaure da matsayarsu bayan wata guda ana tafka shari'a. Mutum huɗu aka gurfanar bisa zargin damfarar jama'a. An sallami uku. Na huɗun, wani gajere kakkaura ɗan ƙasar Jamaika mai shekara 35, an same shi da laifi a tuhuma ɗaya tak. Babbar hujjar da aka kafa a wannan tuhuma ambulan ne wanda babu komai a cikinsa.

Mutumin shi ne Marcus Mosiah Garvey, wanda a lokacin yake jagorantar ƙungiyar baƙar fata mafi girma da aka taɓa gani a Amurka. Shekara ɗari ke nan ana jayayya kan shari'arsa. Masoyansa na cewa sharri gwamnati ta ƙulla masa. Masu sukarsa na cewa kuɗin talakawa ya salwanta a hannunsa. Wanda ya bi labarin daki-daki zai tarar kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya, kuma a nan ne wahalar labarin take.

An haifi Garvey ranar 17 ga Agusta, 1887, a St Ann's Bay, wani ƙaramin gari a gaɓar arewacin Jamaika, lokacin tsibirin yana ƙarƙashin mulkin Ingila. Mahaifinsa magini ne mai son karatu da taurin kai, kuma duka biyun ɗan ya gada. Yana da shekara 14 ya bar makaranta ya shiga koyon aikin ɗab'i. Daga baya ya koma Kingston, babban birnin ƙasar, inda ya zama shugaban ma'aikata a wata maɗaba'a tun yana saurayi. Da ma'aikatan ɗab'i suka shiga yajin aiki a 1908 ya bi bayansu, yajin ya karye, shi kuma ya rasa aikinsa.

A 1910 ya tafi ci-rani Kosta Rika, ya yi aikin rubuta lokacin lebura a gonakin ayaba na kamfanin United Fruit, sannan ya ratsa Panama. Ko'ina ya je abu guda ya gani: baƙin mutum ne ke ɗaukar kaya mafi nauyi a kan lada mafi ƙanƙanta, kuma ba shi da gwamnatin da za ta tsaya masa. A 1912 ya isa Landan, ya yi aiki a mujallar Dusé Mohamed Ali, ɗan jaridar nan da ya ƙare rayuwarsa a Legas bayan ya kafa jaridar Comet a can. A hannunsa Garvey ya fara kallon Afirka a matsayin batun siyasa. Ya koma gida a 1914, shi da Amy Ashwood suka kafa ƙungiyar ci gaban baƙar fata ta duniya, wadda aka fi sani da UNIA.

A Jamaika ƙungiyar ba ta yi armashi ba. Sai da ya sauka New York a watan Maris na 1916 sannan tauraronsa ya haska. Ya zo a kan gaɓa. Dubban baƙaƙe na ƙaura daga kudancin Amurka zuwa biranen arewa, sojojinsu da suka yi yaƙin duniya na farko na dawowa su tarar da wulaƙancin da suka bari yana nan, a 1919 kuma aka yi ta kai wa unguwanninsu hari a Chicago da Washington da wasu garuruwa. Garvey ya hau mumbari a unguwar Harlem yana gaya musu cewa roƙon adalci ba zai fisshe su ba, sai sun mallaki masana'antunsu da jaridunsu da jiragensu da ƙasarsu. Jaridarsa, Negro World, da ya fara bugawa a 1918, ma'aikatan jiragen ruwa ne ke ɗaukarta a ɓoye zuwa tashoshin Afirka, har 'yan mulkin mallaka suka haramta ta a yankuna da dama. Ƙungiyar ta yi rassa ɗaruruwa, har da na Legas.

A watan Agusta na 1920 ya tara dubban mutane a dandalin Madison Square Garden, aka ƙaddamar da tuta mai launin ja da baƙi da kore, aka kuma naɗa shi shugaban riƙon ƙwarya na Afirka. Bai taɓa taka nahiyar ba a lokacin, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taka ta ba.

Jiragen da suka ci kuɗin jama'a

Abin da ya ɗaukaka shi, shi ne ya kayar da shi. A watan Yuni na 1919 ya yi rajistar kamfanin jiragen ruwa mai suna Black Star Line, da nufin haɗa kasuwanci tsakanin baƙaƙen Amurka da tsibiran Karibiyan da Afirka. An yanka hannun jari a kan dala biyar, kuma baƙar fata kaɗai ake sayar wa. Masu wanki da guga, 'yan dako, masu dafa abinci a gidajen Turawa, ma'aikatan gonakin rake a Kuba, su ne suka riƙa ƙulle ɗan abin da suka samu suna kawowa. Da yawansu ba su taɓa mallakar takardar hannun jari ba a rayuwarsu. Ga irin waɗannan mutane, ganin jirgi mai matuƙi baƙi yana shigowa tasha ya fi ribar ƙarshen shekara daraja.

Sai dai Garvey mai ɗab'i ne kuma mai baki, bai san kan jirgin ruwa ba, waɗanda ya amince wa kuma ba duka ne masu riƙon amana ba. Jirgin farko, Yarmouth, an ƙera shi a 1887, wato sa'an Garvey ne a shekaru, kuma ya riga ya gaji da dakon gawayi. An saye shi a kan dala 165,000, kuɗin da ya ninka darajarsa. Matuƙin da ya ba da shawarar a saya, Joshua Cockburn, daga baya ta bayyana cewa ya karɓi la'ada daga masu sayarwa. A watan Janairu na 1920 aka yi wa jirgin lodin barasa cikin gaggawa don a fitar da ita zuwa Kuba kafin dokar hana giya ta fara aiki a Amurka. Bai yi nisa ba ya fara shan ruwa, aka zubar da wani ɓangare na kayan a teku, aka jawo shi zuwa tasha. Ko a tafiye-tafiyen da ya kammala, sau da yawa akan karkatar da shi zuwa garuruwan da za a yi taron sayar da hannun jari, kayan da ya ɗauko suna lalacewa a ciki. A ƙarshen 1921 aka yi gwanjonsa a kan dala 1,625.

Jirgi na biyu, Shadyside, na yawon shaƙatawa ne a kogin Hudson. Dala 35,000 aka biya, damina ɗaya ya yi yana aiki cikin asara, da sanyi ya shigo ya nutse a inda aka ɗaure shi. Na uku, Kanawha, tsohon jirgin alfarma ne na wani attajirin man fetur, an saye shi dala 60,000, gyaransa ya ci wasu dubban, aka yasar da shi a gaɓar Kuba. Littattafan lissafin kamfanin kuwa ba a cewa komai. Kuɗin ƙungiya da na kamfani da na jarida sun cakuɗe, ana ɗiba daga nan a toshe can. Kafin kamfanin ya tsaya cik a 1922, dubban ɗaruruwan daloli sun tafi.

Akwai jirgi na huɗu, kuma shi ne tushen shari'ar. An yi ta shelar cewa za a sayi babban jirgi mai suna Phyllis Wheatley wanda zai kai fasinjoji Afirka. An sayar da hannun jari da sunansa, an karɓi kuɗin tikiti. A 1921, lokacin Garvey yana rangadi a Karibiyan kuma hukumomin Amurka na jan ƙafa wajen ba shi izinin dawowa, jami'an kamfanin suka buga takardar talla ɗauke da hoton wani jirgi mai suna Orion, aka goge sunansa aka rubuta Phyllis Wheatley. Gaskiya ne ana cinikin Orion ɗin da hukumar jiragen ruwa ta gwamnati, har an ajiye kafin alƙalami ta hannun wani dillali. Amma ciniki bai faɗa ba, jirgin bai taɓa zama nasu ba, kuma sayar da hannun jari bai tsaya ba ko bayan Garvey ya dawo.

Wanda aka daɗe ana hako

Tun kafin wannan hoto a buga shi, an riga an ɗana tarko. A watan Oktoba na 1919 wani matashin jami'i a ma'aikatar shari'a, J. Edgar Hoover, mai shekara 24, wanda daga baya ya shafe kusan rabin ƙarni yana shugabancin hukumar FBI, ya rubuta takardar cikin gida a kan Garvey. A cikinta ya nuna takaicinsa cewa mutumin bai karya wata dokar tarayya da za ta ba da damar korarsa daga ƙasar ba, sannan ya ba da shawarar a duba harkar kamfanin jiragen ko za a samu zamba. Wato an zaɓi mai laifi tukuna, sannan aka shiga neman laifin. Saboda Garvey ne hukumar ta ɗauki baƙar fata na farko a matsayin jami'in bincike, James Wormley Jones, wanda ya kutsa cikin ƙungiyar har ya samu amincewar shugabanta, yana aika rahoto da lambar sirri ta 800.

Dalilin da ya sa aka bi ta gidan waya mai sauƙi ne. Damfara ta yau da kullum hurumin kotunan jiha ce. Amma idan an yi amfani da wasiƙa wajen aiwatar da ita, ta zama laifin tarayya. Garvey kuwa ba ɗan ƙasa ba ne, talakan Sarkin Ingila ne, don haka hukunci ɗaya a babban laifi ya isa a tasa ƙeyarsa. An kama shi ranar 12 ga Janairu, 1922. A wata na gaba aka tuhume shi tare da jami'an kamfanin uku: Orlando Thompson, Elie Garcia da George Tobias.

A tsakanin kamu da shari'a, Garvey ya yi wa kansa illar da abokan gaba ba su iya yi masa ba. A watan Yuni na 1922 ya je Atlanta ya gana da wani jagoran Ku Klux Klan, ƙungiyar da ke rataye baƙaƙe a kudancin ƙasar. Hujjarsa ita ce gara maƙiyin da ya fito fili da mai fuska biyu. Shugabannin baƙar fata irin su W.E.B. Du Bois da A. Philip Randolph, waɗanda dama ba sa ga-maciji da shi, suka ce tura ta kai bango. A farkon Janairu na 1923 aka harbe James Eason a New Orleans. Tsohon na hannun daman Garvey ne da suka ɓata, kuma ana sa ran zai ba da shaida a kansa. An kama mabiyan ƙungiyar biyu, ba a taɓa tuhumar Garvey da kisan ba, amma tabon ya zauna. Makonni biyu bayan haka wasu fitattun baƙaƙe takwas suka rubuta wa Antoni Janar na Amurka suna roƙon a gaggauta shari'ar. Da ɗan gari kan ci gari.

A gaban alƙali

An buɗe shari'a ranar 18 ga Mayu, 1923, a gaban Mai Shari'a Julian Mack. Garvey ya nemi alƙalin ya janye saboda alaƙarsa da ƙungiyar NAACP, babbar abokiyar hamayyar UNIA, aka ƙi. Kwana ɗaya da farawa ya sallami lauyansa, Cornelius McDougald, bisa zargin yana son ya lallashe shi ya amsa laifi, ya ce zai kare kansa da kansa.

Wannan shi ne kuskure mafi tsada a rayuwarsa. Mutumin da ya saba tsayawa gaban dubbai suna tafi, yanzu yana gaban mutum goma sha biyu da ba su da dalilin ƙaunarsa. Ya riƙa yi wa shaidu tsawa, yana jan tambayoyi na sa'o'i, yana tono tsoffin rigingimunsa da ma'aikatan da ya kora. A ƙoƙarinsa na nuna cewa wasu ne suka ci amanarsa, sai ya riƙa tabbatar wa kotu cewa babu abin da ke motsi a kamfanin ba da saninsa ba. Abin da mai gabatar da ƙara, Maxwell Mattuck, yake so a gani ke nan. Baki shi ke yanka wuya.

Duk da haka, hujjar gwamnati a kan ainihin laifin da doka ta tanada ba ta da ƙwari. Dole ne a nuna cewa an aika wa wani takardar yaudara ta gidan waya. Wani matashi da aka kawo ya shaida cewa shi ke kai wasiƙun kamfanin gidan waya ya rikice a hannun Garvey, har ya amsa cewa ɓangaren masu ƙara ne suka gaya masa wasu abubuwan da zai faɗa. Sai kuma Benny Dancy, mai shara a tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania, wanda ya zuba guminsa ya sayi hannun jari 53. An nuna masa ambulan mai hatimin Black Star Line da sunansa a jiki, ya ce ya gane shi. Da aka tambaye shi abin da ke ciki lokacin da ya iso, ya kasa tunawa, domin takardu iri-iri na zuwa masa daga ƙungiyar. A kan wannan ambulan aka kama Garvey. Mutanen da suka shirya hoton jirgin bogi yana ƙasar waje kuwa suka koma gidajensu.

Da ya ji hukuncin ya fusata, ya ɗora laifin a kan Yahudawa saboda alƙalin Bayahude ne, kalaman da suka zubar masa da ƙima a idon wasu da ke tausaya masa. Ranar 21 ga Yuni aka yanke masa mafi tsananin abin da doka ta yarda: shekara biyar a kurkuku da tarar dala 1,000, da biyan kuɗin shari'a.

A ganina, mai adalci ba zai iya kiran wannan shari'a mai tsabta ba. Haka kuma ba zai iya kallon Benny Dancy ya ce masa ba a yi masa komai ba. Ba a nuna Garvey ya gina gidaje ko ya ɓoye dukiya da kuɗin jama'a ba, kuma yadda ya ƙare rayuwarsa cikin rashi ya isa shaida. Amma ya ci gaba da karɓar dala biyar-biyar daga hannun masu ƙaramin ƙarfi a lokacin da ya fi kowa sanin cewa kamfanin ya durƙushe, yana fatan kuɗin gobe za su rufe ramin jiya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gwamnatin da ta bi shi kuwa ba kishin kuɗin mai shara ne ya dame ta ba, domin takardar Hoover ta riga asarar zuwa.

Bayan wata uku a tsare aka ba da belinsa a kan dala 15,000 yayin da ya ɗaukaka ƙara. Bai daddara ba. A 1924 ya kafa sabon kamfani, ya sake tara kuɗi, ya sayi wani jirgin ya raɗa masa suna Booker T. Washington. Shi ma tafiya ɗaya ya yi bashi ya cinye shi. A shekarar ce kuma gwamnatin Laberiya ta janye daga shirin bai wa mabiyansa filin zama, ba da jimawa ba ta miƙa wa kamfanin roba na Firestone ƙasa mai faɗin gaske.

A farkon Fabrairu na 1925 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin. Ta ce masu taya alƙali na da damar ɗauka cewa ambulan da ya fito daga kamfanin yana ɗauke da takardar tallarsa. Aka kama Garvey a tashar jirgin ƙasa ta Harlem, aka sa masa ankwa zuwa gidan yarin tarayya na Atlanta. Matarsa ta biyu, Amy Jacques, ita ta riƙe gidan. Ta tattara jawabansa ta buga su a littafi, ta zagaya ƙasar tana neman a sake shi. Koke ya yi ta kwarara zuwa fadar shugaban ƙasa, har tara daga cikin mutum goma sha biyun da suka same shi da laifi suka sa hannu a yi masa sassauci. A watan Nuwamba na 1927 Shugaba Calvin Coolidge ya rage masa wa'adi, da sharaɗin a fitar da shi daga ƙasar nan take. A farkon Disamba aka sa shi a jirgi daga New Orleans. Bai sake shiga Amurka ba.

Sauran shekarunsa gangara ce. A Jamaika ya kafa jam'iyyar siyasa a 1929, kuma cikin manufofinta akwai dokar ɗaure alƙalan da suka ci hanci. Alƙalan suka ɗauki wannan a matsayin raina kotu, suka ɗaure shi wata uku. A 1935 ya koma Landan, inda yakan yi jawabi a dandalin Hyde Park ga 'yan tsirarun masu saurare. Sukar da ya yi wa Sarki Haile Selassie bayan Italiya ta mamaye Habasha ta raba shi da da yawa daga cikin sauran mabiyansa. A watan Janairu na 1940 shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Wata jarida ta yi kuskuren sanar da mutuwarsa, ya zauna yana karanta ta'aziyyar kansa, wasu ma ba na yabo ba. Ya rasu ranar 10 ga Yuni, 1940, yana da shekara 52.

Sunan kamfanin da ya kai shi kurkuku ya isa Afirka ba tare da shi ba. Kwame Nkrumah, wanda ya karanta littafin da Amy Jacques ta tattara yana ɗalibi a Amurka, ya sa baƙin tauraro a tsakiyar tutar Gana a 1957, ya kuma raɗa wa kamfanin jiragen ruwan ƙasar suna Black Star Line. Daga nan ƙungiyar ƙwallon ƙafar Gana ta samo sunanta. A 1964 aka tono gawarsa daga Landan aka mayar da ita Kingston, Jamaika ta ayyana shi gwarzonta na farko.

Hukuncin New York kuwa ya ci gaba da zama a kundi. A 1987 wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya zauna sauraron bahasi kan wanke shi, ba a kai ga komai ba. Shugabanni sun zo sun wuce ana kai musu koke. Sai ranar 19 ga Janairu, 2025, kwana ɗaya kafin ya sauka daga mulki, Shugaba Joe Biden ya sa hannu a takardar afuwa. Afuwa a dokar Amurka tana yafe laifi ne, ba ta rushe shari'ar da aka yi. Wanda ya fi kowa bin wannan magana shi ne ƙaramin ɗansa, Dakta Julius Garvey, likitan fiɗa a New York. Yana da shekara shida mahaifinsa ya rasu. Ranar da aka sa hannu yana da 91.